Ƙarancin tafiya ba shi ne lafiyar tsohuwar motar soja ba

Masu sha'awar tsofaffin motocin soja da yawa, da zarar sun ga mitar mota ta nuna ba ta yi tafiya mai nisa ba, sai su ɗauka sun yi tsintuwa. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna, domin akwai rai a ciki.

Irin waɗannan motoci zama ke cinye su. Ɗauki M35, babbar motar sojan Amurka da kamfanin REO ya fara ƙerawa wajen 1950. Wata takan shekara da shekaru a ajiye ba a ko tayar da ita. Robobin da ke tare mai su bushe, ruwa ya taru a gindin tanki ya haifar da tsatsa, taya kuma ka gan ta da zanenta radau, amma ka duƙa ka duba gefenta duk ta tsattsage.

Burki ne abin tsoro. A yawancin M35 layin man burki guda ɗaya ne tal yake kai wa ƙafafun duka. Tiyo ɗaya ya fashe, shi ke nan, ka taka ka ji fayau. Shi ya sa nake ganin kafin fenti, kafin komai, a sauya tiyo da robobin burki. A kuma tabbatar da man da ke ciki: sojan Amurka nau'in man burki da ake kira DOT 5 suke zubawa, ba a gauraya shi da nau'in da ake kira DOT 3.

Wutarta kuma bolt 24 ce, batir biyu a haɗe, don haka kwan fitilar ƙaramar mota nan take zai ƙone.