Wadda Ta Tsargu Da Ita Nake

Ni dai ban kira sunan kowa ba, amma akwai wata baiwar Allah da ta mayar da sitatus ɗina gidan kallo, kullum tana laɓe tana ɗaukar hoton abin da na saka tana kaiwa guruf. Shekaranjiya na rubuta cewa wani littafi ya sa ni kuka, kafin la'asar magana ta zagayo ta same ni, wai matar aure guda da 'ya'ya uku ta zauna tana zubar da hawaye kan labarin aljanu, wai feminisanci ya fara shiga kaina, a yi min addu'a. To na gode da addu'a, amma bari ki ji abin da ke cikin littafin tunda na san ko shafi biyu ba ki buɗe ba.

Labarin wani gari ne da babu shi a duniya, inda ranar da aka kai amarya ɗaki tsofaffi ke karɓar sunanta su zuba a tulu, su rufe da faifai su zura a tsohuwar rijiya. Daga ranar ita kanta ba za ta ƙara tuna sunanta ba. Ba yaƙi a ciki, ba wani jarumi da takobi, kusan rabin littafin matar nan ce zaune bakin murhu tana magana da zuciyarta, tana tambayar kanta wai da can me take so, wane kalar zani ke burge ta, wace waƙa take yi in tana wanke-wanke a gidansu. Kuma mijinta ba mugu ba ne, wannan ne ma ya fi taɓa ni, mutumin kirki ne yana ci da ita yana sha da ita, kawai bai taɓa lura akwai abin da ya ɓata ba.

Ƙarfe biyun dare na kai wurin da ta sauka rijiyar da igiyar guga ta tarar da tuluna jere sun fi ɗari, kowanne yana numfashi a hankali, ta rasa wanne ne nata. Wuta a ɗauke, caji saura kashi shida, auta na barci a cinyata, wallahi sai na kife wayar na fara lissafi. Shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya kira ni da sunan yanka in ba a layin awo ba. Amarya, sai maman wane, sai matar wane, shi ke nan. Na san kunya ce da girmamawa, ni ma ba na iya faɗin sunan ɗan farina, ban ce al'adar ta zama laifi ba. Amma da gari ya waye na kira Inna na ce don Allah ya sunan kakarmu ta wajen Baba, wadda muka tashi muna ce wa Hajiya Babba? Ta yi shiru ya fi minti guda, sannan ta ce bari ta tambayi Gwaggo. Matar da ta haifi goma ta raini jikoki sun fi arba'in fa.

Ke kuma duk wannan sunansa koyi da Turawa a wurinki. Nana Asma'u da ta rasu a 1864, wadda ta kafa 'Yan Taru tana naɗa wa jajis, wato jagororin matan, malfa su shiga ƙauyuka koyar da mata, a Ingila ta koyo? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta dawo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ita ma Amurka ce ta turo ta? A 2007 har tara littattafan Hausa aka yi a Kano aka cinna musu wuta, mata ba su ajiye biro ba, yau ga su nan cike da Wattpad da WhatsApp. Labarin rijiya da aljanu kuwa a tabarmar kakanninmu muka fara ji, tun muna amsa ta zo mu ji ta.

Abin da ya fi min ciwo, na san ki, na san daren da kika kira ni kina kuka kina cewa kin gaji, ba wanda ke tambayarki ya jikinki sai dai ina abinci. Ban kai ki guruf ba, kuma ba zan kai ba. Da kin min magana ta gefe da tuni na tura miki littafin har da kuɗin data.

Ran Asabar in Allah ya kai mu zan sake karanta littafin daga farko, kuma duk inda ya taɓa ni sai na saka a sitatus. Gwaggo ta kira jiya da daddare, ta tuno sunan, na rubuta shi a bangon littafin makarantar 'yata.