Mutuwa ɗaya ce, amma shekarun ba ɗaya ba

Duk mai bin hanyar Tafo a Kumasi cikin trotro, wato motar haya, ya san fostocin makoki da maƙwabtanmu Asante ke mannawa a bango. Ni dai na ɗauki wata ɗabi'a ta karanta shekarun da ke ƙasan hoton, kuma wallahi abin na damuna, 47, 52, 39, sai can ka hango wata tsohuwa mai 90 kamar ɓatan hanya ta yi. Mu a Zango ba mu yin fosta, amma mai zuwa jana'iza a Aboabo ko Asawase ya san labarin duk ɗaya ne.

A Japan matsakaicin tsawon rai ya kai shekara 84, mu nan Ghana wajen 65, Najeriya da Chadi ko 60 ba su kai ba. Gaskiya tazarar ta ragu kan ta zamanin kakanninmu, kuma yara ne suka rage ta. Binciken lafiya na 1988 ya nuna cikin yara 1,000 a Ghana 155 ke rasuwa kafin su cika shekara 5, na 2022 ya nuna 40. Rigakafi ne, gidan sauro ne, ruwan gishiri da sukari, ga haihuwa kyauta a asibiti tun 2008. Wanda ya raina wannan ya je ya tambayi iyayenmu mata da suka haifi goma suka raini shida.

To amma manyan fa? Yaro ya tsallake ƙyanda da maleriya, ya girma, ya fara riƙe gida da kuɗin makaranta, sai hawan jini ya kada shi yana 45, alhali bai taɓa sanin yana da shi ba don tun da yake ba a taɓa ɗaura masa abin awo a hannu ba. Takwaransa na Japan doka ta sa wurin aikinsa ya duba lafiyarsa duk shekara. Katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, da aka kawo a 2003 ya taimaka sosai, sai dai mu ba mu tuna katin sai ciwo ya ci ƙarfinmu.

Kwana ya ƙare, haka muke cewa wurin gaisuwa, ni ma haka nake cewa, ba na ja da ajali. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a nemi magani. Me zai hana limamanmu su nemo nas ɗaya da tebur da abin awon jini a ƙofar masallaci duk Juma'a?