Kujera ce ta sabunta min kuɗin haya

Tun kafin in fara bari in wanke dillalin nan, don har yau ban kama shi da ƙarya ko guda ɗaya ba. Duk abin da ya faɗa min gaskiya ne, kawai dai kowace gaskiya tana da ƙanwa a bayanta wadda bai gabatar min da ita ba sai da na tare muka haɗu da kanmu.

Aiki ne ya kawo ni babban birni, irin birnin nan da ko ƙarfe biyun dare ka leƙa titi zaka ɗauka yanzu aka tashi daga kasuwa. Wata uku ina raɓe a falon wani abokina, kullum da safe in naɗe katifa in cusa bayan ƙofa kamar mara gaskiya, ranar da naji yana waya yana cewa "ai biki ya kusa, gyaran gida kawai ya rage" yana kallona ta gefen ido, nasan ni ne gyaran gidan. A raina kuwa dama na gama zana rayuwar da zan yi: filat nawa ni kaɗai, in dawo aiki in watsa ruwa, in zauna ina kallon fitilun gari kamar ina da hannun jari a cikinsu. Wai tun wajajen 2007 mazauna birane suka haura rabin mutanen duniya, to ni dai a satin da na fara neman gida ji nayi kamar duk rabin nan unguwa ɗaya muke nema da su.

Na ga ɗakuna kala-kala. Akwai wanda a hoto falonsa kamar filin ƙwallo, da naje sai naga in ka miƙe hannu biyu kana gaisawa da bango biyu lokaci ɗaya. A nan na gane aikin kyamarar nan ta waya da ake danna 0.5, mai faɗaɗa komai, mutum ya maƙale a lungu ya ɗaga waya sama, shikenan akurki ya zama fada.

Sai aka haɗa ni da wannan dillalin. Yace akwai wani filat a hawa na biyar, na ƙarshe a benen, amma in zo ranar Lahadi ƙarfe takwas na safe don shi ne kawai lokacin da yake da sarari. Ni kuma har godiya nayi masa wai ya tashi da wuri saboda ni.

Muka je. Unguwa tsit, har kukan tsuntsu naji wallahi. Nace akwai lifta? Yace akwai, ga ta nan ma, amma mu bi matakala ka ga tsaftar gidan. Nace ruwa fa? Ya nuna silin da yatsa yace "ranka ya daɗe tanki a saman kanka yake, duk gidan nan babu wanda ya kai ka kusa da ruwa." Ya buɗe famfo, ruwa ya zubo shaaa. Nace zuwa wurin aikina fa? Yace kar ka yarda da ni, duba wayarka. Na duba taswira, minti 12. Sannan ya ja ni baranda, kai jama'a, gari gaba ɗaya a shimfiɗe a gabana, babu abin da ya tare sai wani fili da aka kewaye da kwano a ƙasa. Yace "kaga gabanka babu kowa." Kuma babu kowan.

Wajen biya ne na fara jin jiri. Kuɗin haya daban, la'adar dillali daban, kuɗin rubuta yarjejeniya daban, kuɗin ajiya na ko da ka ɓata wani abu daban, sai kuma na shara da gadi da fitilar matakala. Masu lissafi suna cewa kar haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da kake samu, ni tawa ta wuce rabi har tana waiwaye. Takardar yarjejeniya shafi shida ce da ƙananan rubutu, na karanta sunana naga an rubuta daidai, na sa hannu. Ku riƙe wannan takardar a ranku, zata dawo.

Da ɗan abin da ya rage na sayi kujera. Ba gado ba, ba firij ba, kujera. Doguwa mai zaman mutum uku, tsawonta mita biyu da ɗan ɗori, mai laushin da in ka zauna sai an miƙo maka hannu. Kuma kar ku ce ban yi hankali ba, na ɗauki tef na auna falo, na auna ƙofar falo, na auna ƙofar gida ta ƙasa. Abu ɗaya ne ban auna ba, kwanar matakala.

Ranar tarewa muka iso da motar kaya, na nufi lifta da ƙwarin gwiwa na danna, shiru. Baba mai gadi yana zaune yana kallona yace "ɗana me kake nema a nan?" Nace lifta Baba. Yace "ai gata nan." Nace bata aiki ne? Yace shi dai tun da ya kama aiki a gidan bai taɓa ganin ta motsa ba, amma a ciki yake ajiye tsintsiya da bokiti, tana da amfani sosai.

Muka ɗauki kujera mu huɗu muka hau. A kwanar farko ta tsaya. Aka ce a daga, aka ɗaga. Aka ce a kwantar da ita ta gefe, aka kwantar. Wani yace a miƙar da ita tsaye a juya, aka miƙar, sai ta cije tsakanin bango da ƙarfen matakala ta ƙi gaba ta ƙi baya, ni ina ta sama su uku suna ta ƙasa muna magana ba ma ganin juna. Minti arba'in cif na rufe gidan mutane. A haka na fara sanin maƙwabtana, ba sallama ba gaisuwa, sai layi a bayana na masu son fita da layi a ƙasa na masu son shiga. Wata mata da yara biyu tace "Malam kai ne sabon?" nace eh Hajiya, tace "an gani." Wani dattijo da yake sauri ya tattare rigarsa ya bi ta ƙarƙashin kujerar da rarrafe, da ya fita ta ɗaya gefen bai ce min komai ba, kallona kawai yayi, kuma gara ma ace zagina yayi.

Da ƙyar aka ɓamɓaro ta aka koma ƙasa. Baba mai gadi yace in dai ana so ta hau sai ta baranda da igiya. Aka samo igiya aka ɗaure ta kamar saniyar da ta faɗa rijiya, maza huɗu a sama suna ja, ni a ƙasa ina ba da umarnin da babu mai ji. Kafin ta kai hawa na biyu titi ya cika, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, mutanen da ko gobara ba ta tsayar da su sun tsaya kallon kujerata tana lilo a sama. A hawa na uku ta bi ta kan shanyar wasu, ta iso barandata da tawul da safa ƙafa ɗaya a rataye a ƙafarta. Tawul ɗin na mayar. Safar har yau babu wanda ya yarda tasa ce.

Daren nan na kwana a kanta ina jin ni wani ne. Hangen Dala dai ba shiga birni ba.

Litinin ƙarfe bakwai saura naji kamar ana fasa dutse a cikin kunnena. Na leƙa, filin nan mai kwano ya cika da ma'aikata da injina, ashe wurin gini ne, kuma ranar Lahadi ce kaɗai ba sa aiki. Na shiga banɗaki na buɗe shawa, ta yi tari sau biyu ta ɗigo min ruwa kamar mai ba jariri magani. Daga baya wani mai gyaran famfo ya yi min karatun da ya kamata in sani tun farko: in tanki a saman bene yake, ƙarfin ruwa daga tsayin da ya gangaro yake zuwa, duk mita 10 na gangara shi ne ƙarfin da suke kira "bar" ɗaya a ma'auninsu. Na hawan ƙasa ruwa ya faɗo musu daga wajen mita 15 ko fiye, ni kuwa tsakanin tanki da kaina bai fi mita biyu zuwa uku ba. Wato mafi kusa da tanki shi ne mafi wahala, kuma da safe in gidan gaba ɗaya suka buɗe famfo ruwan ta gefena yake wucewa ko sannu babu. Ranar da injin da ke tura ruwa sama ya lalace kuwa sai jarka, lita 20 kilo 20 kenan, matakala 88, na ƙirga su sau da yawa har na san wacce ce mai ɓallen baki.

Na fito a makare na duba taswira, minti 12 ɗin nan ya koma awa ɗaya da minti ashirin, titin duk ya yi ja. Wayar ma bata yi ƙarya ba, lissafin hanya take yi da cunkoson lokacin da ka tambaye ta, ni kuma na tambaye ta ne lokacin da gari yake barci. A cikin bas na ga wani mai tafiya a ƙasa ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu, a karo na uku har hannu ya ɗaga min.

Zafi kuma nasa babin daban. Baranda yamma take kallo, rana tun daga azahar a falona take yini, ga rufin kankare da yake shan zafi tun safe ya adana shi sai dare ya fara sako min a hankali kamar mai biyan bashi.

Amma fa kar in yi butulci, birni da daɗi. Babu mai tambayarka daga ina zuwa ina, zaka iya fita da takalmi kala biyu babu wanda zai lura. Tsakar dare in yunwa ta taso ka danna waya a kawo maka abinci, duk da dai mai kawowar yana zuwa ƙasa zai kira yace shi fa ba zai hau ba. Wuraren shaƙatawa kuwa ba a magana, na san sunayensu duka, na san ranakun da suke cika, don daga baranda nake kallonsu tunda haya ta riga ta shaƙata da albashina. Maƙwabcina na jikin bango wata bakwai ban san fuskarsa ba amma na san tarinsa, na san ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, kuma alam ɗin wayarsa ne yake tashina ƙarfe biyar. Ranar da ya yi tafiya na makara aiki.

Ginin gabana kuwa yana ta tashi. Wata na huɗu yana hawa na biyu, wata na tara ya iso daidai ni, har wani lebura ya saba muna gaisawa, "Oga an tashi lafiya?" yana riƙe da kwanon siminti ina riƙe da buroshin haƙori. Wata na goma gari ya ɓace gaba ɗaya, fitilu, tituna, komai, sai bangon bulo da ko filasta ba a yi masa ba.

Nace to ya isa, in shekara ta cika tashi zan yi. Har na samu wani wuri a hawan ƙasa, wannan karon na je ranar Talata da yamma, na buɗe kowane famfo, na auna har ramin makulli. Saura sati uku in tashi na dawo daga aiki naji ƙaurin walda tun daga matakala. Ina buɗe ƙofa naga baranda ta sha ragar ƙarfe daga sama har ƙasa, sabuwa fil, an shafa mata baƙin fenti. Wai tunda ginin kusa ya matso ɓarawo zai iya tsallakowa, shi ne mai gida ya sa aka yi wa kowa.

Na kira shi jikina na rawa nace Alhaji an rufe baranda fa. Yace "eh ɗana, don tsaronku, ko sisi ba zan karɓa ba." Nace Alhaji ta nan kujerata ta shigo. Yayi shiru, sannan yace "ikon Allah, kai ne mai kujerar nan? Ai na ga bidiyon." Nace to yanzu ta ina zata fita? Yace in duba shafi na huɗu. Na lalubo takarda na duba, ga shi nan ɓaro-ɓaro, mai gida yana da ikon yin duk gyaran da ya shafi tsaro, kuma ɗan haya da ya taɓa wani abu da aka kafa a jikin gini ya yafe kuɗin ajiyarsa. Da sa hannuna a ƙasa, har da wata 'yar kwalliya da nayi wa harafin ƙarshe.

Na kira kafinta ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, yace zai iya raba ta gida biyu ta fita, amma in an haɗa ba zai yi alkawarin zata koma mai zaman mutum uku ba. Na sa ta a kasuwa a intanet, mutum shida suka yi magana, duk wanda naji ya fara zumuɗi sai in ce masa amma fa sai dai ka dinga zuwa nan kana zama. Alhaji kuma cikin tausayawa yace in na ga dama in bar masa ita, mai shigowa zai ji daɗi.

Kwana biyu ina zaune a kanta ina tunani, ga laushi. Rana ta uku na sauka matakala 88 na je na sa hannu a shekara ta biyu, da ƙarin kuɗi, wai saboda an inganta tsaro. Ina dawowa na tarar da Baba mai gadi yana fito da tsintsiya daga lifta, yace "ɗana an fasa tashin ne?" nace an fasa Baba. Yace to madalla, dama akwai sabon ɗan haya da zai tare a hawa na huɗu ranar Asabar, an ce yana da firij mai ƙofa biyu, in ina gida in taimaka da jan igiya tunda na san kan aikin. Nace Baba ai an rufe barandar. Ya tsaya da tsintsiya a hannu, ya ɗaga kai ya kalli benen tun daga sama har ƙasa, yace "to kar ka faɗa masa tukuna."