Mai sabon gida a Bauchi, ka yanke shawarar intanet da talabijin kafin a yi filasta

Mai gini yakan yi lissafin bulo, siminti, kwano da tayil tun kafin a haƙa harsashi, amma maganar intanet da talabijin sai an tare ake tunawa da ita. Daga nan sai a kira yaro da injin huda bango, a ɓata sabon fenti, wayar dish ta shigo ta taga tana lilo. A ganina tun gida yana kango ya kamata a gama wannan shawara, kuma wurin da gidan yake da halin wutar unguwar su ne za su yanke ta. Tallan kamfani daga baya yake zuwa.

Garin Bauchi ya miƙe zuwa Tirwun, Inkil, Birshi, Miri da Rafin Zurfi, ga duwatsu a tsakani. Layin da ke gudu a Wunti yana iya yin rarrafe a bayan gari, wani lokaci ma gida biyu a layi ɗaya sabis ɗinsu ya bambanta. Don haka a ari layukan MTN, Airtel da Glo a je gidan da su, a shiga cikin ɗaki bayan an yi rufi, domin kwano da bulo mai inci 9 suna cin sabis sosai. A gwada tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, lokacin da kowa ya hau. Wanda ke gini a Yelwa ko Gwallameji kada ya yi gwajin lokacin hutun ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, don idan suka dawo ƙarfen sabis ɗaya za a raba. Sandunan da ke saman waya ba su faɗin gaskiya duka. A shiga saitin waya a duba ƙarfin sigina: -85 yana da kyau, -100 ya fara rauni, -110 kuwa sai an ɗora eriya a waje. Rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) mai 5G asarar kuɗi ce matuƙar waya mai 5G ba ta nuna shi a cikin gidan ba, kuma a tambaya ko rautar kulle take da layin kamfani ɗaya.

Aikin mai wayarin shi ne mafi arha yanzu, mafi tsada daga baya. A sa ya binne fayif na roba mai milimita 25 daga saman rufi zuwa falo, daban da na wutar lantarki, a zura wayar dish RG6 guda biyu a ciki. Tsarin gidajenmu ma yana da nasa hukuncin: sashen maigida yana gaba, na iyali yana ciki, tsakar gida da katanga a tsakani. Rauta ɗaya a falon baƙi ba za ta kai ɗakin uwargida ba, balle gidan da ke da sassa biyu ko uku. Maganin shi ne wayar Cat6, wadda ke kai intanet har mita 100 ba tare da raguwa ba, a ja ta zuwa kowane sashe a sa ƙaramar rauta ta biyu. A ajiye soket ɗin rauta a sama kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, ba a bayan talabijin ba.

Wuta ce ke raba gardama. Unguwannin bayan gari da yawa sukan daɗe kafin layin JED, kamfanin rarraba wutar lantarki, ya zauna musu, wasu ma tiransifoma suke jira. Rautar 4G ba ta wuce wat 10 zuwa 12, ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12 zai riƙe ta sa'o'i. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, babban farantinsa yana jan wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri. A ɗauka 75 ne: a yini da kwana ya sha kilowat-awa 1.8. Batirin inbata mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a rubuce, amma idan na ruwa ne rabi kawai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko. Ke nan wanda ya sayi Starlink ya sayo wa kansa ƙarin sola da batir. Ya dace da gidan da sabis bai kai ba ko mai aikin da ba ya jure yankewa, amma gidan da WhatsApp da karatun yara ne buƙatarsa, an yi wa kaza ɗaurin raƙumi. Idan faiba, wato wayar intanet da ake jawowa har gida, ta iso layinku ita ce gaba, sai dai a tambayi maƙwabtan da ke kanta kwana nawa ake ɗauka kafin gyara in masu haƙar kwalbati sun tsinke ta.

Masu cewa a bar dish a koma kallo ta intanet su yi lissafi tukuna. Bidiyo mai kaifin hoto yana iya cin gigabait 3 a awa ɗaya. Gidan da ke kallo awa 4 kullum ya doshi gigabait 360 a wata, ga shi tun Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa (NCC) ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka kuma galibi suna da ƙa'ida a ƙananan rubutu: in ka kai wani adadi a rage maka gudu. Gidan da Arewa24, tashoshin wa'azi da labarai suka ishe shi, dish na kyauta ya wadatar, ba biyan wata. Mai son ƙwallon Turai shi ne zai duba DStv, GOtv ko StarTimes. GOtv da StarTimes na eriya daga hasumiyar ƙasa suke kamawa, dutse yana iya tare su, don haka a leƙa talabijin ɗin maƙwabci kafin a sayi dikoda.

A kafa dish a jikin bango da ƙusoshi masu buɗewa a cikin siminti, kada a ɗaure shi a katakon rufi, don iskar farkon damina za ta karkatar da shi. A naɗe mahaɗin wayar da ke bakin LNB, kan da ke gaban dish mai kama sigina, da tef, in ba haka ba ruwa zai bi ta ciki ya yi tsatsa, hoto ya riƙa daskarewa a yi ta zargin dikoda. Ɗaukewar hoto lokacin ruwa mai ƙarfi kuwa ɗabi'ar kamun tauraron ɗan'adam ce, ba laifin mai haɗawa ba. Idan hadari ya taso da tsawa a zare wayar dish da filogi.

Layin kira bai kamata ya zama kamfani ɗaya da na rauta ba, saboda ranar da aka yanke faibar ɗaya, ɗayan ya riƙe gidan. Ba sai an yar da tsohuwar lamba ba: tun 2013 ana iya ƙaura da ita zuwa wani kamfani. A yi wa layin rauta rajista da NIN na maigidan da kansa, kada a karɓi wanda mai shago ya riga ya yi wa rajista. In an samu matsala a fara kiran kamfanin layin a 300, idan kamfanin bai warware ba a kai ƙara NCC ta 622, kyauta ne.