Sai an biya kuɗin ƙarfe kafin a taɓa wuyan mutum?

Wai don Allah da wane agogo ake yi wa talaka lissafi a asibitin gwamnati? Likitoci da bakinsu suke cewa idan ƙashin wuya ya karye ko ya goce ya danne laka, so ake a ɗage mata nauyin nan cikin awa 24, domin abin da ya mutu a laka ba ya dawowa.

Ƙanena ɗan acaɓa ne, mota ta kwashe shi. Bayin Allah suka cicciɓe shi, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, kai yana reto, aka cusa shi a adaidaita sahu. Ban ga laifinsu ba, ina motar asibitin da za su jira? Duk da haka ya iso yana motsa yatsun ƙafa.

Aka ce a yi hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna halin da laka take ciki. Na'ura ta lalace, wai mu je na kuɗi a cikin gari. Mai karyayyen wuya fa! Haka muka sake jijjiga shi a ramukan titi.

Aikin ba gagara ya yi ba. Likitan ya zana mana a takarda: a tsaga ta gaban wuya, a cire guringuntsin da ya fashe, a sa ɗan ƙashi daga ƙugu, a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Ya iya, kuma a shirye yake. Amma asibitin ba shi da ƙarfen, sai dai a ba ka lambar dillali. Kuɗin kuwa, ko an haɗa babur ɗin da gonar gadonmu ba su kai ba.

Muna bin dangi da masallatai, yaro yana kwance an rataya masa nauyi a ƙoƙon kai, ga robar fitsari, ga gyambo ya fara cin bayansa. Yatsun nan suka daina motsi. Yanzu kawunnanmu sun dage a kai shi wurin mai ɗori, ni kuma da wane baki zan hana?

Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014, sashe na 20, ta haramta hana mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili. Har asusu ta kafa, ta ware kashi 5 cikin 100 nasa don gaggawa. To karayar wuya ba gaggawa ba ce? Ku ajiye ƙarfen nan a ɗakin tiyata, ku yi aiki, sannan ku biyo mu bashi mana!