Me ya sa ake saka besbol a sanarwar rasuwa a Amurka

Mutane da yawa in suka ga sanarwar rasuwar wani malamin makaranta a Amurka an rubuta wai uba ne nagari, ya koyar shekara da shekaru, kuma masoyin besbol ne (wasan da ake dukan ƙwallo da sanda), sai su ce haba ai wannan raini ne, ina mutuwa ina wasan ƙwallo. Wallahi ba haka bane.

Kowane kulob na babbar gasar besbol ta Amurka yana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum kenan har wata shida, kuma lokacin ya haɗa da dogon hutun makarantu, to malami a nan yake samun zama da 'ya'yansa suna kallo ko suna saurare a rediyo, yana koya musu yadda shi ma babansa ya koya mishi. Don haka in 'ya'ya suka ambaci besbol, zaman nan suke tunawa.

Ku duba kulob ɗin Chicago Cubs, tun 1908 ba su ƙara cin kofi ba sai 2016, shekara 108. A kakar 2016 ɗin mutane suka riƙa zuwa bangon filin Wrigley, wato filin wasan kulob ɗin, da alli suna rubuta sunayen iyayensu da suka rasu ba su ga ranar ba.