Yaya, Bar 504 ta Baba da Injinta

Akwai wani dattijo a unguwarmu nan birnin Liyon na Faransa da yake da tsohuwar Renault 4, ƙaramar motar nan mai kama da akwati da Faransawa suke ji da ita. Wata safiyar Asabar ina dawowa daga sayen burodi na ga ta fito daga gareji da baya, ba ƙugin inji, ba hayaƙi, sai ƙarar taya a kan kwalta. Na tsaya cak. Da ya ga ina kallo sai ya yafito ni, ya buɗe mini bonet. Babu kafireto, babu lagireto, babu salansa. Inda injin mai yake a da, yanzu injin lantarki ne, wani dunƙulen ƙarfe da bai fi tukunyar tuwon gidan yawa girma ba, da wasu wayoyi masu kauri ruwan goro. Na ɗauki hoto na tura wa yayana a Kaduna.

Kafin la'asar saƙon muryarsa ya shigo: "To ai ga maganin 504 ta Baba. Ka tambayo mana nawa ne kayan."

Motar da yake nufi tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Ba ma son sayar da ita, ba ma kuma iya ciyar da ita fetur tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi. A Kakuri aka haɗa ta, a kamfanin Peugeot da aka buɗe a 1975. Wani abin da ban sani ba sai da na zo garin nan shi ne, a shekarun farko na kamfanin, daga filin jirgin saman Liyon ɗin nan ake ɗaukar sassan motocin a jiragen kaya zuwa Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Faransa ta daina ƙera 504 ƙirar salun a 1983, mu kuwa muka ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan nan. Don haka in ana maganar wanda ya san jikin wannan mota, bakaniken kasuwar Panteka ta Kaduna ya fi na Liyon saninta nesa ba kusa ba.

Na yi tambayar da ya sa ni. Amsar da na ba shi ita ce a'a, kuma ina so in faɗi dalili a fili, don na san ba shi kaɗai ne yake kallon tsohuwar motar gida yana wannan tunani ba.

A nan Faransa sai a watan Maris na 2020 doka ta buɗe ƙofar cire injin mai a sa na lantarki. Ta buɗe ta ne kuwa da sharuɗɗa. Sai motar ta haura shekara 5. Ba ka da ikon yin aikin da hannunka a bayan gida ka hau titi; kamfani ne zai tsara kayan, a kai su gwaji, hukuma ta amince, kuma amincewar ta irin mota ɗaya ce tak, kayan Renault 4 ba za a ɗora su a 504 ba. Ƙarfin sabon injin bai kamata ya wuce na tsohon ba, nauyin motar ma an yi masa iyaka, don birki da sifirin da aka ƙera mata tun asali su iya ɗauka. Wannan gwaji yana cin maƙudan kuɗi, shi ya sa motocin da aka yi wa kayan ba su da yawa, wasu daga cikin kamfanonin da suka fara harkar ma sun rufe. Kayan da Renault ta fito da su a 2023 tare da kamfanin R-Fit don irin motar maƙwabcina, yuro 11,900 aka sa musu har da kuɗin aiki. Batirin yana ɗaukar yunit 10.7, irin yunit ɗin da muke saya a mita, kuma yana kai motar kimanin kilomita 80 kafin ya nemi caji. Daga Kaduna in ka nufi Zariya, sai dai ka shiga gari da addu'a.

Da wannan kuɗin za ka sayi Renault Zoe ta hannu, wadda aka ƙera ta da lantarki tun asali, har ka ga canji. Maƙwabcina ya san haka sarai. Ya ce mini a wannan motar ya kai matarsa asibiti ranar da za ta haifi ɗansu na fari, kuma tun da birnin ya fara taƙaita shigar tsofaffin motoci masu hayaƙi cikin gari ya ga ko dai ya rabu da ita ko ya canza mata zuciya. Ƙauna ya saya, kuma yana da halin sayenta. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Amma abin da ake yi a nan ke nan akasari: mai kuɗi yana raya motar ƙuruciyarsa don ya zaga da ita ranar Lahadi. Mu kuwa abin da ya kai mu ga wannan magana shi ne kuɗin mai ya gagari mutane, kuma wanda mai ya gagara ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita.

Ga lissafin da na yi wa Yaya a takarda, nawa ne, kowa yana iya sa nasa farashin. Tsohuwar 504 a cikin gari tana shan lita 11 zuwa 12 a kilomita 100. A ce lita tana naira 900, ka kashe wajen naira 10,000. In da lantarki ne, mota mai nauyinta za ta ci yunit 18 zuwa 20, a farashin masu layin Band A, wanda ya ɗan haura naira 200 tun ƙarin Afrilun 2024, kimanin naira 4,000 ke nan. Ba abin mamaki ba ne, don injin fetur kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin man yana tafiya ne a zafi da hayaƙi, na lantarki kuwa kusan kashi tara cikin goma yana isa ga aiki. Rarar naira 6,000 a kowace kilomita 100 abu ne mai daɗin ji. To amma Yaya daga gida zuwa ofis da dawowa, da kai yara makaranta, bai fi kilomita 20 yake yi a rana ba. Naira 1,200 ke nan a rana, ƙasa da rabin miliyan a shekara. Kayan Faransa a canjin da ya haura naira 1,500 kan yuro ɗaya sun doshi miliyan 18. Mu ce an samu na China, bakaniken gida ya ɗaura, komai ya tsaya a miliyan 6. Sai ya yi shekara 14 kafin kuɗinsa su dawo, kuma kafin nan batirin ya tsufa yana neman sabo.

Yanzu ɗauki wannan miliyan 6 ɗin ka sa a ƙaramar bas ta haya da take yin kilomita 150 a rana, kwana 6 a mako. Rarar ta zama wajen naira 9,000 kullum. Cikin shekara biyu da 'yan watanni ta biya kanta. Ga babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi, babu zuwa gareji don inji ya buga. Kayan iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, abin da ya bambanta su kawai shi ne yawan tafiyar da taya take yi kowace rana. Wannan shi ne abin da nake so masu wannan buri a gida su riƙe: abin hawan da ya cancanci a juya shi ne wanda yake neman abinci, bas da A Daidaita Sahu da babur ɗin haya, masu hanya sananniya da tasha sananniya da suke komawa kowane dare.

Ba kuma daga Turai za mu koyo wannan ba. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara cire injinan ƙananan bas-bas yana sa musu batir, yana yi musu caji da hasken rana, suna ɗaukar fasinja a farashi mai sauƙi. Ku tuna wane gari ne wannan: garin da aka yanke daga wutar ƙasa a farkon 2021 bayan an lalata turakun layin Damaturu, ya daɗe cikin duhu. Rashin wutar ne ya tilasta a yi tunanin tashar caji tare da motar, a matsayin abu guda. A Nairobi ma kamfanin Opibus, wanda yanzu ake kira Roam, da juya motocin da ke kai masu yawon buɗe ido gandun namun daji ya fara a 2017, motoci masu aiki kullum, masu dawowa sansani ɗaya, daga baya ya koma ga babura da bas-bas. Duk wanda ya yi nisa a harkar nan a Afirka, ta wajen motar aiki ya shigo.

Maganar wuta kuwa ita ce ta fi ci mini rai in ina kwatanta nan da gida. Maƙwabcina yana cusa waya a soket ɗin gareji da dare, ya kwanta, da safe batir ya cika, bai taɓa tunanin ko za a ɗauke ba. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, ɗaya daga cikinsu, Bugey, tana nan gabas da mu a bakin kogin Rhône. Kuma shekaru da dama wani ɓangare na yuraniyom ɗin da ake ƙonawa a irin waɗannan tashoshi daga Arlit aka haƙo shi, a Nijar, ƙasar da yawancin ƙauyukanta ba su san wutar lantarki ba. Duk ranar da na wuce na hango hasumiyoyin tashar suna fitar da tururi sai na tuna da wannan. A Najeriya kuwa mutum fiye da miliyan 200 suna rabon megawat 4,000 zuwa 5,000. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layuka. Wanda ya juya motarsa a lokacin yaya zai yi? Ya tayar da janareto, ya ƙona fetur, ya yi caji, don kada ya ƙona fetur a mota. An gudu ba a tsira ba. Faifan sola a rufin gida zai taimaka, amma motar gida da rana tana wajen aiki, lokacin da rana take bayarwa. Tashar haya ce za ta iya kafa rumfar sola babba, ta ajiye batura biyu ga kowace keke, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji, direba ya shigo ya sauya cikin minti kaɗan ya koma neman balas.

Akwai abu ɗaya da nake so mu ɗauko daga Faransa, ko da ba duka ba. Na yi ƙorafin tsadar gwajinsu, amma dalilinsa gaskiya ne. Waɗancan wayoyi ruwan goro da na gani ba ado ba ne, alama ce ta cewa wutar da ke cikinsu tana kisa. Mai wayarin ɗinmu ya saba da batir mai bolt 12, wanda yake gwadawa da taɓa waya biyu ya ga tartsatsi. A motar lantarki ana maganar bolt 100 zuwa 400. Sannan in ka cire injin fetur, ka cire abin da yake taimaka wa birki ya kama da sauƙi, dole a sa famfo na musamman a madadinsa, in an manta ko an yi arha a nan, sai a gangaren hanya za a sani. Batirin litiyom kuma yana buƙatar na'urar da take lura da kowane ɗan ɗaki nasa, kada wani ya cika ya wuce kima. In ya kama da wuta ba a kashe shi da bokitin ruwa, yana ma iya sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Ga zafi. Batirin Nissan Leaf na farko, wanda ba shi da ruwan sanyaya, ya yi saurin raunana a Arizona ta Amurka saboda zafi kaɗai, kuma irinsa ne masu juya mota suke cirowa daga motocin da suka yi hatsari. Ka ɗauko wannan gwanjon ka kai shi Sakkwato a watan Afrilu. Batirin da aka haɗa da ƙarfe da fosfet ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, shi ya kamata a dage a kai ko da ya fi nauyi.

Mun riga mun ga abin da gaggawa take jawowa. Da aka fara juya motoci zuwa iskar gas, a Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar da aka ɗaura mata haɗin bayan fage ce. In keke ɗaya mai batir ta ƙone da fasinja a Kano, harkar gaba ɗaya za ta koma baya da shekara goma, don babu uwar da za ta sake barin ɗanta ya shiga. Ba sai an kwafo dokar Faransa da za ta kashe ƙaramin mai gareji ba. A tsara kaya ingantattu ga ababen hawa uku ko huɗu da suka fi yawa a titunanmu, a gwada su sau ɗaya gwaji na gaske, kwalejojin fasaha irin Kaduna Polytechnic su horar da makanikai da masu wayarin na Panteka da Ƙofar Ruwa, wanda ya ci jarrabawa a ba shi shaida ya rataye a garejinsa. Hannun aikin muna da shi. Mutanen da suka riƙe 504 da rai shekara 40 da ƙarfen gwangwan da basira ba za su kasa koyon wannan ba.

Abin da na ce wa Yaya shi ne a kira bakaniken Baba ya wanke kafireto, a canza taya, a riƙa tayar da ita ranar Juma'a ana kai Hajiya gaisuwar 'yan uwa, lita biyar ta isa. Ƙugin injin nan ma yana cikin abin da muke tunawa da shi. In kuwa da gaske yana da kuɗin da yake son sawa a harkar batir, ɗan ƙanwarmu yana nan ya gama sakandare yana jan keken wani, rabin abin da ya samu yana tafiya gidan mai. Yaya ya yi shiru kwana biyu. Jiya ya aiko cewa ranar Asabar zai leƙa Panteka ya ji nawa ake sayar da keken da injinsa ya buga amma jikinsa yake da kyau.